Yarinyar da Zali ta tsallake

A wata safiya ta daminar bara, Zali ta bi rumfar da marasa lafiya ke jiran likita a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Madawa, tana duba yaran da aka kawo ɗaya bayan ɗaya. Ta duba kowa, ban da yarinya guda da ke kwance a cinyar wata tsohuwa a ƙarshen benci. Yarinyar ƴarta ce ta fari, kuma duk cikin yaran da ke rumfar nan ita ce ta fi kusa da mutuwa.

Waɗanda suka yi aiki da Zali ba su san ta da sakaci ba. Abin da suka san ta da shi tsoro ne.

An haife ta a wani ƙauye na karkarar Babankatami, ƙasar Buza, gidan manoman gero da dawa. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, har kolej, ta faɗi jarrabawar ƙarshe, ta koma gida. Tun kafin nan, tana ƙarama, ƙanenta ya kwanta masassara, aka tare wani mai tallar magani a kan keke ya yi masa allura a ɗuwawu. Masassarar ta tafi, ƙafar kuma ta shanye. Zali ce aka sa ta danne masa hannuwa ranar. Har yau yana jan ƙafar in zai tafi gona, ita kuwa ta girma ko sirinji ta gani a ajiye sai ta kau da kai.

Ta auri Umaru, ɗan garinsu, wanda ke yin rabin shekararsa a Abijan wajen bida, wato ci-rani, kamar sauran mazan yankinsu na Adar. Haihuwarsu ta farko mace ce, aka sa mata Aziza. Da aka yaye ta, mahaifiyar Umaru, Inna Fatsima, ta zo ta ɗauke ta, kuma babu wanda ya ga aibu a ciki. Ɗan fari na kakanni ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, in ya faɗi ba ita ce ke fara miƙewa ba. Wadda ta yi haka, za a daɗe ana maganarta a bakin rijiya. Zali ta riƙe wannan kunya fiye da yawancin sa'o'inta. In ya zama dole ta ambaci yarinyar, sai ta ce "ƙawar Inna". Yarinyar kuma ta tashi tana kiranta Zali kai tsaye, kamar wata yayarta.

Bayan haihuwa ta biyu Umaru ya kama musu ɗaki a Madawa kusa da tasha, ya koma Abijan. Aziza ta zauna ƙauye wurin kakarta. Zali ta samu aikin shara da wanke-wanke a asibitin Dokta Mahfuzu, ƴan ɗakuna da rumfar kwano, wanda mutanen unguwa ke ce wa kabine. Kowace damina zazzaɓin sauro, wanda kowa a nan ke kira palu, yakan cika rumfar har mutane su zauna ƙasa. Likita ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya ba su isa ba. Dokta ya yanke shawarar a koya wa mutum biyu ƙananan ayyukan asibiti don su rage masa. Ya ɗauki Shafi'i, wani mutumin ƙasar Keita da ya gaji da kabu-kabun babur, ya ɗauki Zali saboda ya sha ganinta tana karanta rubutun kwalin magani in tana shara.

Ta so ta ƙi. Ta kwana biyu tana neman yadda za ta faɗa masa, ba ta samu ba.

Mai koyar da su ita ce ma'aikaciyar jinyar, Biba, wadda ta yi shekaru a asibitocin karkara kafin ta ajiye aikin gwamnati, kowa na ce mata Majo. Da wanke hannu ta fara musu, har sai da fatar yatsun Shafi'i ta yi fari. Daga nan sa safar hannu, karanta tarmomet mai auna zafin jiki, ɗora jariri a sikeli, ɗaura abin awon tansiyo, wato hawan jini, a damtse a saurari bugun jini, soka yatsa a ɗiga jini a kan abin gwajin palu. Allura kuwa a jikin tsohon soson katifa suka koye ta, Majo ta zana masa da biro inda jijiya ke bi da inda ba a taɓawa.

Shafi'i ne ya ba da damtsensa don Zali ta koyi tansiyo. Don tsoron kada ta kuskure, sai ta yi ta hura iska har hannun ya mutu.

"Majo, ki zam shaida," in ji shi. "In na hwaɗi, a gaya ma mutanen Keita wagga ta kashe ni, ba mato ba."

"Kai da ka gama zubda mutane bisa hanyar gudoro da moto?" in ji Majo. "Saki iskar, Zali. Hannun mutum na, ba taya ba."

Ranar da aka fara ba ta yaro na gaske, ta tsaya da sirinji a hannu, gumi na ɗiga daga haɓarta, uwar yaron na kallonta. Majo ta zagayo ta baya ta kama mata wuyan hannu suka soka tare. Da mutane suka fita, Zali ta je bayan ɗaki ta yi amai. Washegari ta bi har gidan matar da sunan gaisuwa, don kawai ta ga yaron yana taka ƙafarsa.

Majo ta lura da abu guda. Hannun Zali matsoraci ne, amma tsoron nan ya sa ba ta wuce abu ba ta sake dubawa ba. Sai ta ba ta aikin rumfa. Kowace safiya kafin likita ya fara kira, Zali za ta bi benci, ta ɗaga mayafin kowane yaro, ta sa masa tarmomet, ta ja fatar idonsa ta ga ko da jini, ta buɗe tafin hannunsa, ta kalli yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, ta gwada ko zai sha ruwa. Wanda ya fi jigata sai ta shigar da shi gaba, ko da shi ya zo ƙarshe.

"Kar ki bi kuka," Majo takan ce mata. "Yaron da ke ihu da sauran ƙarhi gare shi. Wanda uwa tac ce miki ya samu barci, shi nika son ki buɗe."

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da asuba, rumfar ta cika tun da wuri. Majo na ciki tana ɗinke ƙafar wani manomi da hauya ta sara. Shafi'i na kan tebur yana gwajin palu, ga layi a gabansa. Zali ta fito da farar rigar aiki da tarmomet, ta fara daga bakin ƙofa. Sai da ta kusa ƙarshe ta ga surukarta zaune, bakin zanenta duk laka, da yarinya a cinya an lulluɓe ta har kai. A gefenta akwai mata biyu na ƙauyensu da suka zo mota ɗaya, ɗaya daga cikinsu gwaggon Umaru ce.

Zali ta cire takalmi ta durƙusa. Ta gaida Inna da kwana, da hanya, da damina, da mutanen gida, idonta a ƙasa.

"Lahiya lau," in ji Inna Fatsima. "Ƙawata ta ba ta jin daɗi. Tun shekaranjiya jiki zahi, munka ba ta jiƙo, bai yi ba. Amma tun cikin mato zahin ya sauka, ta samu barci. Na ce tunda mun riga mun taho, a duba min ita."

"Allah shi sawwaƙa," in ji Zali, kamar yadda za ta ce wa baƙuwa.

Ta ji maganar barcin, ta kuma san abin da aka ce ta yi in ta ji ta. Hannunta ya ɗaga zuwa bakin mayafin, sai ta ga gwaggon Umaru ta daina tauna goro tana kallonta. Hannun ya koma kan gwiwa. Ta miƙe, ta gaida matan biyu, ta duba jaririn da ke bayan ɗayarsu, ta juya.

Ba ta yi nufin a bar yarinyar ba a duba ba. A ranta, wani zai duba. Ta je teburin Shafi'i ta sunkuya.

"Akwai wata tsohuwa can ƙarshe, mai shuɗin mayahi. In ka samu sarari ka leƙa yarinyar da ke hannunta."

"Ba ke ad da rumhwa ba?" Bai ko ɗago ba, yana matsa yatsan wani yaro. "Kin duba ta?"

"Na gan ta."

"To in da matsala ai da kin shigo da ita. Bari in rage waɗanga."

Ba ta ce masa ƴarta ce ba. Maganar ba ta taɓa fita daga bakinta ba, ba ta kuma fita a lokacin ba. Shafi'i ya ce daga baya ya ɗauka wata ƴar garinsu ce mai neman alfarma, irin wadda ake samu kullum.

Dokta ya iso ya fara kira. Zali ta shigar da wani yaro mai ihu da jikinsa ya yi zafi rau, ta shigar da wata mata mai amai. Duk fitowar da ta yi sai ta dubi ƙarshen benci. Daga inda take ba ta ganin komai sai ƙafa guda da ta leƙo daga ƙarƙashin mayafin. Ƙuda ya sauka a kan babban yatsa, ya yi tafiyarsa har diddige, ƙafar ba ta motsa ba. Ta shiga ta ɗaura wa wani dattijo abin tansiyo, ta kasa jin bugun jininsa don na ƙirjinta ya cika mata kunne. Ta sake, ta kuma sakewa, har dattijon ya tambaye ta ko lafiya. Ta fito. Layin Shafi'i bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Ƙafar na nan yadda take.

Abin da ta iya tunanowa shi ne ruwa. Kai wa suruka ruwa ba abin kunya ba ne. Ta ɗebo a kofi daga randa, ta durƙusa, ta miƙa. Inna ta kurɓa, sannan ta yaye mayafin da kanta don ta ba jikarta.

"Tashi, ƙawata, ki sha ruwa. Ke ragguwa, tashi."

Kan yarinyar ya langaɓe a hannun kakarta. Ruwan ya shiga baki ya fito ta gefe, ya bi wuya. Leɓunanta sun yi kamar an shafa musu toka. Ƙirjinta na jan numfashi mai zurfi, da ƙyar, kamar na mai hawan dutse.

Zali ta ja fatar idon. Fari fat, babu ɗigon ja. Ta buɗe tafin hannun, shi ma fari, kuma sanyi ƙalau. Zafin da Inna ta ce ya sauka ba sauƙi ba ne. Palu ne ya cinye jinin, jiki ya fara saki.

Ta sunkuci yarinyar daga cinyar surukarta ba tare da ta nemi izini ba. Kofin ya kife, takalmanta suka zauna a nan. Tana gudu ta ji gwaggon Umaru na cewa, "Ikon Allah, ƴan zamani," wata kuma ta yi ƴar dariya.

"Majo! Majo!"

Majo ta fito da safar hannu duk jini. Kallo ɗaya ta yi, ta nuna gado da haɓa, ta tuɓe safar tana ƙwala wa Dokta kira.

"Tun yaushe take nan?"

"Tun da sahe."

"Tun da sahe? Wa yad duba ta?"

Zali ta kwantar da yarinyar a kan gadon.

"Ɗiyar wa ta?"

"Tawa ta."

Majo ta dube ta, ta dubi tsohuwar da ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Ba ta nemi ƙarin bayani ba.

"To kira ta. Kira sunanta da ƙarhi, mu ga ko tana ji."

Zali ta waiga ta dubi surukarta a bakin ƙofa.

"Zali, kira ta nac ce!"

"Aziza," ta ce a hankali. Sannan da ƙarfi, "Aziza!"

Yarinyar ba ta motsa ba. Daga bakin ƙofa Inna Fatsima ta ce, "Ƙawata, ga ni nan," sai fatar idon ta ɗan girgiza, yatsun hannu suka lanƙwashe.

"Tana ji," in ji Majo. "Soka yatsa."

Tsinken ya suɓuce daga hannun Zali ya faɗi ƙasa. Ta ɗauko wani.

"Majo, ba ni iyawa."

"Dokta na haɗa allura, ni ina biɗar jijiya, Shafi'i ya tahi neman moto. Wa kika so shi yi? Hannun shi yi ta rawa, ke dai soka."

Ta soka. Jinin da ya fito kamar ruwan wankin nama, babu kauri. Gwajin ya nuna palu nan da nan. Majo ta sha wahala kafin ta samu jijiya a bayan hannu, ta sa ƙarin ruwa mai sukari. Dokta Mahfuzu ya yi allurar farko ta cikinsa, ya ce abin da ya rage ba a nan ake yinsa ba. Yarinyar na bukatar ƙarin jini, yanzu, a babban asibitin gari.

Shafi'i ya aro babur wurin wani tsohon abokin sana'arsa a bakin hanya. Zali ta hau baya, yarinyar a tsakaninsu, hannu ɗaya ta rungume ta, ɗayan ta ɗaga ledar ruwan sama. Hanya duk laka da ramuka. Kuncinta na manne da kan yarinyar tana neman jin numfashi, ƙarar inji ta hana. Ta ce wa Shafi'i ya tsaya ta duba.

"In mun tsaya mi za ki yi mata?" in ji shi, ya ƙara wuta.

A babban asibiti an karɓe su ba jira. Aka gwada jinin Zali ya dace, ta kwanta aka ɗiba. Inna Fatsima ta iso a ƙafa, ta zauna a wancan gefen gadon. Jinin na ɗiga a hankali. Zali ta kasa zama, ta kasa fita. Ta yi ta ƙirga numfashin, lissafin na ɓace mata tana sakewa. Wajen la'asar yarinyar ta yi jijjiga, idanu suka kafe, ma'aikata suka rugo suka yi mata allura, suka ce kowa ya matsa. Zali ta fita baranda ta zauna a ƙasa ta kira Umaru. Ya ɗauka yana "alo, alo", sai ta kashe.

Sai washegari da hantsi Aziza ta buɗe ido. Ta ce, "Inna." Can kuma ta ce tana son fura.

Majo ta zo dubiya, ta ja Zali baranda.

"Ban zo in yi miki hwaɗa ba," in ji ta. "Nawa ɗan hwarin ya yi gemu, har yau 'wancan' nika ce mai. Amma in kin sa wagga riga, duk wanda ke bisa benci ki buɗe shi. In kin san ba ki iyawa, ki zo ki ja ni da hannu. Kar ki sake kai ma Shafi'i zance a dunƙule, shi ko buɗaɗɗen ma da ƙyar yake ganewa."

Ba a cire Zali daga aikin rumfa ba. Har yau ita ke da shi.

Ranar sallama, likitan ɗakin yara ya ce kada a ɗauka an gama. Yaron da palu ya yi wa irin wannan ci, jininsa na iya sake sauka cikin makonnin da ke tafe, dole a riƙa kawo ta ana dubawa. Inna Fatsima ta ji, ta gyaɗa kai, da suka koma ɗakin Zali ta fara ɗaure kaya. Gero ya fara nuna, tsuntsaye sun sauka, ta bar awaki a hannun maƙwabta. Ta naɗe rigunan Aziza ta sa cikin ƙunshinta.

Zali ta san hanyar ƙauyensu. In aka yi ruwa mai ƙarfi korama na cika, mota ba ta ƙetarewa sai ruwa ya janye. Ta fita waje ta kira Umaru.

"Tsakaninki da Inna ba ni shiga," in ji shi. "Ki sa Majo ta yi mata magana."

Ta kira Majo.

"Ni na haihe ta?" in ji Majo. "Tahi da bakinki."

Ta koma ɗaki ta durƙusa daga bakin tabarma. Aziza na kwance tana kallonsu.

"Inna."

"Na'am."

"Likita ya ce..."

"Na ji abin da likita yac ce. Ina wurin."

Zali ta kalli tabarma.

"Roƙo nika, a bar min ita. A bar min Aziza nan har a yi girbi."

Tsohuwar ta ci gaba da ƙulla ƙunshinta kamar ba ta ji ba, ta ja ƙullin da haƙori. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kwance shi, ta ciro rigunan da ƴar tasar da yarinyar ke cin abinci, ta ajiye a ƙasa.

"Ni nac ce barci take," in ji ta, ba ta dubi Zali ba. "Tun daga gida har nan ina murna ta samu barci." Ta sake ƙulla ƙunshin. "Har girbi. Bayan nan ki maido min abata."

Da safe suka raka ta tasha, Zali ta bar ƙaraminta wurin maƙwabciya. Motar Buza na cika, Inna ta leƙo ta taga.

"Ba ta cin miya in daddawa ta yi yawa. Tana tsoron zakara. In tac ce miki ƙahwa na ciwo, ƙarya ta kai, so take a goya ta."

Da motar ta tashi Aziza ta yi kuka har ta shiɗe. Zali ta miƙa mata hannu, ta ƙi. Suka kamo hanya, uwar a gaba, yarinyar a baya tana shessheƙa.

"Zali, yaushe za a maida ni?"

"In an yi girbi."

"Yaushe za a yi girbi?"

"An kusa."

Daidai rumfunan masu albasa yarinyar ta tsaya cak, ta ce ƙafarta na ciwo. Tana haki. Zali ta tsaya tana kallon ƙirjinta, ba ta san ko ƙaryar ce ko jinin ne ya fara sauka ba. Ga masu lodi zaune a kan buhuna, ga ƴan kabu-kabu, wasunsu sun san mijinta. Ta kwance mayafinta, ta durƙusa, ta goya ta, ta juya ta nufi kabine wajen Dokta maimakon gida.